Akwatin da Na Goge a Taswira

Mun tashi da asuba daga Kano, ana sallame salla muka shiga motar ofis mu uku: ni, da abokiyar aikina, da direba. A kujerar baya, kusa da ita, akwai wani kwali da na ɗaure da bel kamar mutum, don kada gargadar hanya ta taɓa abin da ke ciki. Sabuwar kwantrola ce ta famfon sola, wato na'urar da ke daidaita wutar da ke zuwa famfon, wadda muka yi kwana bakwai muna jiran isowarta daga Legas. Ƙauyen da muka nufa yana bayan Minjibir, ba zan faɗi sunansa ba. Ruwan lambun da muka kafa musu shekara biyu da suka wuce ne ya tsaya, ranar kwana tara ke nan, ga albasar mutane a ƙasa, sabon dashe.

Waɗanda suka daɗe suna bibiyata sun san aikina, amma saboda sababbi bari in faɗa a taƙaice. A ofishinmu ba ma taɓa ƙarfe sai mun gama gina abin a cikin kwamfuta. Kowane sashe mu zana masa akwati, kowace alaƙa tsakanin sashe da sashe mu ja mata layi, mu rubuta aikin da ake so ya yi, da abin da zai iya lalata shi, da wanda zai gyara, da shekarar da zai tsufa a sayar wa 'yan gwangwan. Idan ka taɓa akwati ɗaya, kwamfuta ta nuna maka duk sauran da abin zai shafa. 'Yan ofis model suke ce masa. Ni taswira nake cewa, tun ranar da na ɓata awa guda ina yi wa mahaifiyata bayani, ta kalle ni ta ce, to ashe dai zane kake yi. Taswirar lambun nan ni na jagoranci gina ta, wata huɗu muna kanta, kuma na yi alfahari da ita fiye da kima. Farantan sola, waya, kwantrola, famfon da ke ƙasan rijiyar burtsatse, tanki, bututu, babu wanda muka bari. Hatta rinar da ka iya yin gida a cikin akwatin wuta sai da muka ja mata layinta.

Ranar da ruwan ya tsaya, mitar da muka maƙala a bututu ce ta fara turo mini saƙo a waya cewa babu ɗigon da ke wucewa. Can da hantsi Malam Hudu ya kira. Shi ne manomin da ya fi kowa fangali a lambun, mutum ne da ya haura hamsin, wanda tun yana saurayi kowace shekara da an gama kaka yake ɗaukar jaka ya tafi Kudu cin rani, yana tura baro a kasuwa. Ranar buɗe lambun, a gaban mutane, ni na dafa kafaɗarsa na ce ya rataye jakar nan, ruwan nan sai ya yi shekara ashirin. Ya kuwa rataye. Bara ya zauna gida ya ci albasa, bana ya sayar da awakinsa biyu ya ninka fangalinsa. Da ya kira na tambaye shi me ya gani, sai ya ce, “Injiniya, ruwa dai ya tsaya. Sai dai ka zo ka gani.” Na ɗauka rashin sanin inji ne ya sa shi faɗin haka. Na buɗe taswira, ta jero mini abubuwan da suka fi yiwuwa, kwantrola ce a sama, sai na yi odarta na zauna jira.

Fita daga birni a wannan lokacin babu wahala, in ban da manyan motoci da suka kwana a gefen titi suka cinye rabinsa. Sanyi kuwa ya sa direbanmu ya naɗe kansa da rawani har ba na gane ko barci yake ko tuƙi. A Gezawa muka tsaya wajen wani mai shayi da ya riga kowa hura wuta. Yanzu ƙwai ya zama abin da mutum yake tambayar kuɗinsa kafin ya ce a fasa, burodi kuma ya rame har ana ganin haske ta cikinsa. Direba bai damu ba, tunda ba aljihunsa ba ne, ya sa aka fasa masa uku ya kuma tambaya ko akwai sauran indomi. Abokiyar aikina ta sayi ƙosai mai zafi wajen wata tsohuwa ta ci a mota. Ni shayi kawai na iya sha, hankalina yana kan dashen albasa da kwana tara babu ruwa.

Daga nan muka karkata arewa, gari ya waye sosai. Wanda bai san wannan yankin ba zai yi ta jiran ya ga daji, ba kuwa zai gani ba. Gona ce jikin gona tun daga bakin kwalta har iyakar ganinka, kunya bayan kunya, an tsige kara an jingine a jikin bishiya, an bar ƙasa fes. Tsakanin gonar wannan da ta wancan layin gamba ne siriri, wani wurin ma dutse ɗaya ne kawai. Gawo, ɗorawa, kuka, kowace bishiya da mai ita. Jakuna suna ta wucewa da mangala cike da taki, ana zubawa tsibi-tsibi a gonaki tun damina tana nesa. Na sha bin hanyar nan, kullum sha'awa take ba ni, har hoto nake ɗauka. Abokiyar aikina ta daɗe tana kallon waje, sannan ta ce ita dai ba ta ga inda mutum zai shimfiɗa darduma ba tare da ya taka haƙƙin wani ba. Na yi dariya, don a lokacin wasa na ɗauki maganar.

A Minjibir direba ya sayi rake da gurasa, wai guzurin dawowa. Muka sauka daga kwalta muka kama hanyar amalanke, yashi yana jan tayoyi, ni kuma ina ta waiwayen kwalina ina ce wa direba ya bi a hankali. Sau biyu muka tsaya don shanu su wuce, sau ɗaya don wani mai babur da ya ɗauko buhu uku da akuya.

Tankin muka fara hangowa, shuɗi, a kan ƙafafunsa na ƙarfe, yadda muka bar shi. Da can kafin ka ga tanki ƙyallin farantan sola ne yake dukan idonka. Wannan karon babu ƙyalli. Da muka matso na ga inda farantan suke an share shi, an jera tubalin ƙasa layi-layi yana shan rana. Abin da ya rage namu shi ne kututturen siminti huɗu da muka kafa ƙafafun a kai. Na ce a raina sata ce, har na ji wani ɗan sauƙi, domin sata tana cikin taswira, mun san abin yi idan ta faru.

Malam Hudu ya tare mu. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ya tambayi iyali, ya tambayi hanya, ya tambayi sanyi, bai ambaci ruwa ba. Sannan ya wuce gaba muka bi shi cikin lambun. Dashen albasar ya kwanta, ya bushe ya koma kamar tsintsiyar da ta ƙare. Fangali biyu ne kawai a gefe da ɗan sauran kore a jikinsu. Ya ce waɗannan da jarka ya riƙa ba su daga rijiyar unguwa, safe da yamma, har kwana biyar, sai ya ga ruwan shan mutane ya fara ja baya, ya ji nauyi ya bari. Na tsuguna na tona ƙasa da yatsa, babu danshi ko kaɗan. Saboda taurin kai sai da na buɗe akwatin wuta na gwada tsohuwar kwantrolar. Lafiyarta ƙalau. Famfo lafiya, tanki ba ya yoyo, bututu ko tsaga babu. Na tambaye shi ina farantan, ya sunkuyar da kai ya ce, “Suna wajen Malam Ado. Mu je ka ji daga bakinsa.”

Malam Ado shi ne babban ɗan Malam Tanko, dattijon da ya ba mu gefen gonarsa muka kafa komai a kai. Malam Tanko ya rasu ana tsakiyar kaka. Na sani, domin har waya na yi na yi musu ta'aziyya, na ajiye waya na ci gaba da aikina, ko sau ɗaya tunanina bai kai kan lambun ba. Bayan an kai amfanin gona gida, malamai suka zo da igiya suka raba gadon yadda shari'a ta ce. Gonar ta rabu gida tara, kowane kaso dogo siriri, wani faɗinsa bai fi taki goma ba. Farantan sola suka faɗa a kason Malam Ado. Rijiyar ta faɗa a kason ƙanwarsa da ke aure a wani ƙauye. Tankin kuma ya faɗa a na autansu da ke Legas.

A zaurensa muka same shi, ya shimfiɗa mana tabarma. Ga farantan nan a jingine a bango, an sa tsumma tsakanin kowane biyu, an lulluɓe su da asabari. Ya shiga ciki ya fito da gwangwanin madara, ya zazzage a gabana: notunan ɗaure farantan ne da 'yan zobbansu na ƙarfe, ko ɗaya bai ɓata ba. Ya ce, “Injiniya, ka duba kayanka, amana ce. Mai gyaran babur na kira ya kwance a hankali, ina tsaye a kansa.” Ɗakinsa ne ya rushe da damina, shi da iyalinsa suna raɓe a ɗakin mahaifiyarsa tun lokacin. Cikin gida babu sauran fili, ƙannensa da iyalansu sun cika shi. Wurin da farantan suke shi ne kaɗai gefen kasonsa da ya taɓa hanya, rani kuma shi ne lokacin gini, idan ya wuce sai baɗi. Ya ce ya yi niyyar kira na, ya rasa da wane baki zai fara. Malam Hudu ma da ya kira, ba zai iya kai ƙarar maƙwabcinsa da ke cikin makoki ba, shi ya sa ya ce in zo in gani. Na zo da niyyar yin faɗa da wani, na duba zauren nan ban ga wanda zan yi da shi ba.

A nan ne zan faɗi abin da ban taɓa faɗa wa kowa a ofis ba, in ban da wadda take zaune a gefena a kan tabarmar. Lokacin da muke gina taswirar, ita ta zana wani akwati ta sa masa suna mai ƙasa, ta rubuta tambaya a ƙarƙashinsa: idan ya rasu fa? Ta ce a samu takarda, dattijon ya mayar da wurin wakafi a gaban dagaci da shaidu, yadda ba zai shiga gado ba. Na yarda, har na buga takardar na sa a aljihu na zo da ita. Ranar Malam Tanko ya sa aka yanka mana zabo. Ya tashi daga buzunsa ya zaunar da ni a kai, ya riƙe hannuna ya ce, “Ɗana, na ba ku wurin nan, Allah ne shaida.” Sa'an kakana, ina cin abincinsa, ta yaya zan buɗe baki in ce Baba, to in ka mutu fa? Takardar ta koma Kano a aljihuna yadda ta zo. Da na koma ofis, akwatin ya riƙa nuna ja a kwamfuta, alamar ba a cike shi ba, kullum na buɗe sai ya tsone mini ido. Wata rana na goge shi, na rubuta a gefe cewa fili an samu. Ta yi magana sau ɗaya, na ce mata ba ta san mutanen karkara ba, maganarsu ta fi takarda ƙarfi. Ban kuma yi ƙarya ba, maganar dattijon ba ta taɓa motsi ba har ranar da aka kai shi makwancinsa.

Duk zaman da muka yi a zauren abokiyar aikina ba ta kalle ni ba, ba ta ce ai na faɗa maka ba. Da ta faɗa ma da na fi samun sauƙi.

Aka kawo mana ɗanwake da man gyaɗa da yaji, da fura a ƙwarya. Direba ya yi wa abincin adalci a madadinmu duka. Ni loma biyu na yi na tashi, na ɗauki tef ɗin awo, wai zan nemo wa farantan wani wuri. Taswira ta ƙayyade iyakar tsawon wayar da famfon zai jure, idan an wuce ƙarfin wutar zai zube a hanya. Na zagaya rijiyar da tef, gabas da yamma, kudu da arewa, rana tana dukana. Duk inda na aza ƙafa sai a ce mini wannan na wane ne, ya riga ya zuba taki. Lambun kansa ba wurin da za a rage, fangalin mutane ne da suka ara daga gonaki uku. Rufin masallaci na azara ne da ƙasa, ba zai ɗauki nauyi ba. Makaranta ta yi nisa. Mai unguwa ya zo, ya saurare ni da kyau, ya ce sai an zauna. Ƙanwar Malam Ado ba za ta ce komai a kan rijiya ba sai da mijinta, shi kuma ya tafi cin rani. Autan da ke Legas muka kira shi sau huɗu, wayar ba ta shiga ba.

Dabara ɗaya ta rage mini, na koma zaure da ita da ɗan ƙarfin gwiwa. Na ce wa Malam Ado ya gina ɗakinsa, mu kuma mu kafa dogayen ƙarafa mu ɗora farantan a samansa, ya samu inuwa, har ƙwan lantarki mu ja masa. Ya juya gwangwanin notuna a hannunsa. Sannan ya ce, “Injiniya, ni ba zan hana ba, ladan Baba ne. Amma in ka ɗora a kan ɗakina, gobe in na mutu fa? Nawa 'ya'yan bakwai ne.” Tambayar da na kasa yi wa mahaifinsa ke nan, shi ya yi wa kansa ita ba tare da ko muryarsa ta canza ba. Ko da ma mun daidaita, kafin a haɗa kan magada, a zuba siminti ya bushe, lokacin dashen albasa ya wuce, bana dai ta tafi.

Bayan la'asar muka yi sallama. Farantan muka bar su a zauren, don ban san inda zan kai su ba. Har direba ya tayar da mota sai ga Malam Hudu ya fito daga lungu, ya canza riga, da wata tsohuwar jaka a kafaɗa wadda aka ɗinke hannunta da igiyar buhu. Na gane jakar tun kafin ya iso. Ya ranƙwafo ta taga ya ce, “Injiniya, ko akwai wuri a motarku zuwa Kano? In na samu motar yamma, jibi ina can.” Abokiyar aikina ta dawo gaba, ni na koma baya kusa da shi. Na kwance kwalin zan jefa shi a but, ya ce a'a, ai ya ga an ɗaure shi, abu ne mai daraja, ya karɓa ya ɗora a cinyarsa. Haka ya rungume kwantrolar nan da hannu biyu tun daga ƙauye har birni, duk ramin da muka faɗa sai ya ɗaga ta sama kada ta bugu.

A hanyar dawowa direba ya miƙo rake, ba wanda ya karɓa, shi ma ya ajiye. Gonakin da na yi ta sha'awa da safe suna nan, jakuna suna komawa gida da mangala wayam. Wannan karon layukan gamba nake kallo, ina tunanin kowanne akwai ranar da aka ja igiya aka kafa shi, kuma akwai ranar da za a sake ja a tsakaninsu. Mun shigo Kano ana shirin magariba, muka sauke Malam Hudu a tashar motocin Kudu. Ya miƙo mini kwalin da hannu biyu. Na buɗe baki zan ba shi haƙuri, ya riga ni. “Allah ya saka da alheri, Injiniya. Bara dai mun ci albasa.” Ya saɓa jakarsa ya shige cikin mutane, ga furfura a ƙeyarsa.

Na isa gida, na yi salla, na buɗe kwamfuta tun ban cire takalmi ba. Na mayar da akwatin da na goge, na ja masa layukansa zuwa farantai da rijiya da tanki. Nan take rabin taswirar ya koma ja. Ba wannan ne ya kashe mini jiki ba. Taswirar nan da ita muka kafa lambu a wasu ƙauyuka huɗu, kuma a kowannensu wani dattijo ne ya riƙe hannuna ya ce ya ba mu, Allah ne shaida, ni kuma na ci abincinsa na taho da takarda a aljihu.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba mai daɗi ba ne, kuma ban ga ta inda zan gyara ba. Na san shekarar da famfo zai mutu, na san ta faranti, na san ta bututu, duk na rubuta. Mutuwar da kowa a ƙauyen ya san tana tafe ita ce na cire da hannuna, don kunya ta hana ni ambatonta. Kwamfuta ba ta yi kuskure ba, abin da na ba ta shi ta riƙe. Yanzu takardu huɗu ne a kan teburina, na buga su tun jiya, kuma ƙarami a cikin dattawan nan ya haura saba'in. Har yanzu ban san da wane baki zan fara ba. Kwantrolar tana nan a kwalinta a bayan ƙofa, sabuwa fil, Malam Hudu kuma ya kira ɗazu ya ce ya sauka lafiya, ya samu baro.